Famfo a Bushe, Kura a Cike: Wa Ke Biyan Kuɗin Ruwa a Kano?

Da zarar bazara ta kankama, daga watan Maris har zuwa saukar ruwan farko, shirye-shiryen kiran waya na gidajen rediyon Kano kan koma magana ɗaya: babu ruwa. Wannan ya ce famfon layinsu ya shekara bai ɗiga ba, wancan ya ce 'yan garuwa sun ƙara wa jarka kuɗi, wata ta ce rijiyar gidansu ta ƙafe sai laka guga ke ɗebowa.

A gefe guda kuma ga alƙaluman hukuma. Binciken WASHNORM na 2021 kan ruwa da tsafta, wanda Ma'aikatar Albarkatun Ruwa ta Tarayya ta gudanar tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da UNICEF, ya nuna kashi 67 cikin 100 na 'yan Najeriya suna samun ruwan sha a matakin farko. Mutumin da ke sayen jarka kullum zai ji wannan adadi ya ce da wa aka yi lissafin? Sannan lokaci zuwa lokaci sai a ji jami'ai suna batun sanya mita, ko sake duba kuɗin ruwa, ko shigo da 'yan kasuwa cikin harkar. Nan ma sai tambaya ta taso: ruwan da ba ya zuwa, ina dalilin yi masa ƙarin kuɗi? Duka tambayoyin biyu suna da amsa, kuma amsoshin a haɗe suke.

Me ake nufi da "samun ruwa"?

Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suna da ma'aunin da ƙasashe ke bi, kuma hawa-hawa ne. A matakin farko, ana lissafa gida cikin masu samun ruwa idan yana ɗiba daga wuri mai kariya, kamar famfo, ko burtsatse, ko rijiya mai murfi da aka ɗaure bakinta, matuƙar zuwa da dawowa har da bin layi bai wuce minti 30 ba. Tun daga 2017 ma'aunin ya shigar da ruwan leda da ruwan da ake kawowa a tanka ko a kura cikin wannan rukuni. Ke nan magidancin da ke sayen ruwa a ƙofar gidansa yana iya faɗawa cikin "masu samun ruwa", ko da kuwa rubu'in albashinsa ke tafiya a kai. Ma'aunin ba ya tambayar nawa aka biya.

Mataki na sama shi ne ruwa ya kasance a cikin gida, a same shi duk lokacin da aka buƙata, kuma babu ƙwayar cuta ko guba a cikinsa. Shi ne burin da ƙasashen duniya suka ɗaukar wa kansu zuwa 2030, kuma masu shi a Najeriya ba su da yawa. Wani nazari da Bankin Duniya ya fitar a 2017 ya nuna cewa a 1990 kusan kashi ɗaya cikin uku na mazauna biranen Najeriya suna da famfo a gida, amma zuwa 2015 adadin ya faɗi ƙasa da kashi 10 cikin 100. Wato a daidai lokacin da adadin "masu samun ruwa" ke hawa, masu ruwan gwamnati raguwa suke yi. Burtsatsen masu zaman kansu, da ruwan leda, da 'yan garuwa ne suka cike gurbin.

Haka abin yake a ɓangaren ba-haya. Matakin farko shi ne gida ya mallaki masai mai kyau wanda ba ya tarayya da wasu gidaje. Mataki na sama kuwa sai an tabbatar cewa abin da ya shiga ramin an kwashe shi an sarrafa shi ba tare da ya koma cikin jama'a ba.

Yadda Kano ta kai ga wannan hali

Kano ba baƙuwar ruwan famfo ba ce. Tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka fara turo ruwa cikin birni daga matatar Challawa da ke wajen Panshekara, da kuɗin baitulmalin En'e. Daga baya gwamnatin Audu Bako ta zuba ƙarfinta a madatsun ruwa, aka kammala Tiga a 1974, aka kuma samu madatsar Challawa da ke yankin Ƙaraye a farkon shekarun 1990. A zamanin Malam Ibrahim Shekarau aka gina sabuwar matatar Tamburawa mai ƙarfin tace lita miliyan 150 a rana, da ta Watari a yankin Bagwai mai lita miliyan 75.

Saboda haka ɗanyen ruwa ba shi ne babbar matsalar ba. Yana nan kwance a Tiga da Challawa. Matsalar tana tsakanin bakin kogi da bakin famfo.

Na farko, garin ya fi ƙarfin bututunsa. Ƙananan hukumomi takwas na ƙwaryar birni, wato Birni, Dala, Gwale, Fagge, Tarauni, Nassarawa, Kumbotso da Ungogo, suna ɗauke da mutane sama da miliyan 4. Hukumar Lafiya ta Duniya na ganin mutum ɗaya yana buƙatar lita 50 zuwa 100 a rana domin sha da girki da wanka da wanki. A ɗauki 100, gidaje kaɗai za su sha lita miliyan 400, ba a sa asibitoci da makarantu da kasuwanni da masana'antun Bompai da Sharaɗa ba. Yawancin sababbin unguwanni kuma awon igiya ne: an yanka gonaki an sayar, an yi gini, babu wanda ya bar hanyar bututu. Ko matatun sun yi aiki dare da rana, ruwan ba shi da hanyar isa can.

Na biyu, ƙarfin da aka rubuta wa matata a takarda daban, abin da take fitarwa daban. Injin turo ruwa ɗaya ya lalace, ko wuta ta ɗauke na sa'o'i, ko alif ya yanke, sai abin da ake tacewa ya ragu sosai. Ruwan Kano kuma sai an tura shi da ƙarfin inji daga kogi zuwa matata, daga matata zuwa manyan tankuna irin na Goron Dutse, kafin ya gangaro unguwanni. Kowane hawa wuta yake ci.

Na uku, ƙasar Kano kanta. Galibin birnin a kan dutse yake zaune, ruwan ƙarƙashin ƙasa kuma a cikin tsagogin dutsen yake taruwa, ba shimfiɗe yake ko'ina ba. Shi ya sa wani zai haƙa burtsatse ya samu, maƙwabcinsa ya haƙa ya tashi a tutar babu. Da kowane mai hali ya koma haƙa nasa, sai ruwan ya ƙara yin ƙasa, rijiyoyin gargajiya na marasa hali su riga ƙafewa.

Ina kuɗin ke tafiya?

Ruwan kogi kyauta ne, amma tace shi da kai shi gida ba kyauta ba ne. Kuɗin kashi biyu ne. Akwai na gini: matata, manyan bututu, tankuna. Wannan gwamnati ke yi, sau da yawa da rance. Akwai kuma na yau da gobe: wutar lantarki, man dizal na janareta, alif da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, kayan gyara, albashi. A tsarin Najeriya, ruwan birane nauyin jihohi ne, ta hannun hukumomin ruwansu. Gwamnatin tarayya manyan madatsu da tsara manufofi ne nata. Tiga da Challawa, alal misali, suna ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are.

Kashi na biyun nan shi ke kayar da hukumomin ruwa, domin ba a yanka masa kyalle, ba a gayyatar 'yan jarida. Kuma ya yi tashin gwauron zabi a 'yan shekarun nan. An saki farashin naira a watan Yunin 2023, alhali kayan gyaran injuna da yawancin sinadarai da kuɗin waje ake sayo su. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wuta ga rukunin masu samun wuta mafi tsawon lokaci daga kusan naira 68 zuwa naira 225 kan kowane ma'auni, matatar ruwa kuwa irin wannan wutar take buƙata. Cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ya taɓa masu burtsatse da ke tayar da ƙananan janareta, daga nan ya sauka a kan jarka.

Ta ɓangaren shigar kuɗi kuma, akwai abin da masana ke kira ruwan da bai dawo da kuɗi ba: wanda ya zube ta fasasshen bututu, da wanda aka ja ta haramtacciyar hanya, da wanda aka sha ba a rubuta wa kowa takardar biya ba. A hukumomin ruwa da dama na Najeriya wannan asara kan kai kusan rabin abin da aka tace. Yawancin gidaje ba su da mita, kuɗi ƙayyadadde ake yanka musu a wata, ruwa ya zo ko bai zo ba. Wanda bai ga ruwa ba ya ƙi biya, kuma da hujjarsa. Hukuma ta rasa kuɗin gyara, ruwa ya ƙara raguwa, waɗanda ke biya su ma su daina. Daga nan hukumar ta koma jiran abin da gwamnatin jiha za ta sakar mata, wanda kan zo a makare.

Lissafin jarka

A nan ne maganar ta fi shafar aljihu, don haka a yi lissafin a fili. Farashi yana bambanta daga unguwa zuwa unguwa, yana kuma hawa da bazara, amma a ɗauka jarka mai lita 25 naira 100 ce. Jarka 40 ke yin lita 1,000, wanda shi ne ma'aunin da hukumomin ruwa ke sayarwa da shi. Ke nan mai sayen jarka yana biyan naira 4,000 kan lita 1,000, ninkin-ba-ninkin abin da ake cajin mai famfo.

Gida mai mutum 8, idan kowa zai samu lita 50 ɗin nan mafi ƙaranci, jarka 16 yake buƙata a rana: naira 1,600, wato 48,000 a wata. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne. Babu mai ƙaramin ƙarfin da zai iya wannan, sai dai a rage. A sayi jarka 6, a biya 18,000 a wata, rubu'in albashin ke nan, alhali ma'aunin da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ke ambata shi ne kada ruwa ya ci fiye da kashi 3 cikin 100 na abin da gida ke samu.

Ragewar kuma a cikin gida ake ganin ta. Ruwan da aka ɗauraye shinkafa a adana shi don wanke-wanke, na wanke-wanke a zuba a masai. Wanki ya koma sau ɗaya a mako. Yara su yi wanka da rabin bokiti. Uwargida ta riƙa auna randa da ido tun hantsi don ta san ko za ta kai magariba. Yara, musamman mata, su ne ke bin layin tuƙa-tuƙa ko na gidan mai hali da ya fito da famfo waje don sadaka, wani lokaci har su makara makaranta.

Shi kansa ɗan garuwa ba shi ke kwashe ribar ba. Sayen ruwan yake a burtsatse, da yawansu hayar kurar suke biya kullum, sannan ya turo jarka goma sha wani abu cikin rana da rairayi. Tsadar daga yanayin aikin take: ɗaukar ruwa da ƙarfin mutum ya fi tura shi ta bututu tsada nesa ba kusa ba. Abin da wannan lissafi ke nunawa shi ne, rahusar da gwamnati ke yi a kan ruwan famfo tana tafiya ne ga wanda bututu ya kai gidansa. Wanda ke zaune a unguwar awon igiya bai san da ita ba.

Masai da kwata

Kano ba ta da babban bututun da ke kwashe ƙazantar gidaje zuwa matata, irin wanda wani ɓangare na Abuja ke da shi zuwa matatar Wupa. Kowane gida da raminsa: masai na gargajiya ko sokawe. Kuɗin haƙa da na kwashewa duk a kan mai gida. Idan rami ya cika, mai hali ya kira motar zuƙa, mara hali ya kira masu kwasa da hannu, waɗanda ake yi wa laƙabi da "gidan kowa da akwai". Aiki ne mai hatsari ga lafiyarsu, kuma galibi babu takalmi ko safar hannu na kirki. Inda ake kai abin da aka kwaso shi ne babban gibin: filayen bayan gari, wasu gonaki, wani lokaci ma magudanar ruwa.

A fili ɗan ƙarami na awon igiya, tsakanin rijiya da masai taku kaɗan ne, idan ma ba naka ba to na maƙwabci ta bayan katanga. Da damina ruwan ƙasa ya taso, sai su haɗu. Bututun famfo da ke bi ta cikin kwata shi ma, duk lokacin da ruwa ya ɗauke, yana iya zuƙar ƙazanta ta inda ya tsage, ya kawo ta gida idan ruwan ya dawo. Ruwan kwatocin birni kuma Jakara yake gangarawa, ya haɗu da na masana'antu ta rafin Getsi, masu lambu su yi ban-ruwan latas da kabeji da shi.

Sakamakon ba ɓoyayye ba ne. A 2021 Najeriya ta samu mutane sama da 100,000 da ake zargin sun kamu da kwalara, sama da 3,000 suka rasu, kuma Kano tana cikin jihohin da abin ya fi shafa tare da Bauchi da Jigawa. Kuɗin da ba a kashe a kan masai ba, a kemis da asibiti ake biyan sa.

Gwamnatin tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ruwa da tsafta a watan Nuwamban 2018, ta kuma sa 2025 a matsayin wa'adin daina ba-haya a fili. Binciken 2021 ya samu mutane kusan miliyan 48 suna yi har lokacin, wa'adin kuma ya koma 2030. Jigawa ce jiha ta farko da aka ayyana ta kuɓuta, a 2022. Sai dai wannan gangami ya fi dacewa da karkara. A birni kamar Kano yawancin gidaje suna da rami, ga kuma gidajen wanka da ba-haya na kuɗi a kasuwanni da tashoshi. Abin da ya rage shi ne makomar abin da ke cikin ramin, kuma wannan ɓangare ba shi da kasafi na a-zo-a-gani.

Ra'ayoyin da ke karo da juna

Ɓangare na farko, wanda ya haɗa da Bankin Duniya da yawancin masu ba da rance, yana cewa dole kuɗin ruwa ya riƙa biyan aƙalla hidimar yau da gobe, a sa mita, a bar hukumar ruwa ta yi aiki kamar kamfani ba tare da katsalandan na siyasa ba. Hujjarsu ita ce lissafin jarka: talaka ya riga yana biyan mai tsada, don haka famfo mai zuwa kullum, ko an ƙara masa kuɗi, sauƙi ne a gare shi. Shirin samar da ruwa da tsafta na SURWASH na dala miliyan 700 da bankin ya amince da shi a 2021 ya ɗaura sakin kuɗi a kan sakamakon da aka gani a ƙasa. Jihohi bakwai aka fara da su, ciki har da Kaduna da Katsina da Gombe, ban da Kano.

Ɓangare na biyu, ƙungiyoyin ƙwadago da na farar hula, yana tsayawa a kan cewa ruwa haƙƙi ne, kamar yadda Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince a watan Yulin 2010. Suna ganin an yi wa hukumomin ruwa rowar kuɗi shekara da shekaru, sannan aka dawo ana kafa hujja da gazawarsu. Tsoronsu shi ne ɗan kasuwa zai bi unguwannin da za su iya biya, ya bar sauran. A Legas sun daɗe suna turjiya ga duk yunƙurin shigo da kamfanoni. Irin wannan rashin yarda ya taimaka wajen daƙile ƙudirin dokar albarkatun ruwa ta ƙasa a majalisa fiye da sau ɗaya, kodayake shi ƙudirin a kan ikon tarayya da lasisin amfani da ruwa ya fi karkata, ba kuɗin famfon gidaje ba.

Maƙwabciyarmu Nijar ta gwada tsaka-tsaki. A 2001 ta raba aikin biyu: kamfanin gwamnati SPEN ya riƙe kadarori da zuba jari, SEEN, wanda kamfanin Veolia na Faransa ke da kaso mafi girma a ciki, ya riƙe rarrabawa da karɓar kuɗi. Mita ta zama ruwan dare, aka yi wa gidajen masu ƙaramin ƙarfi rahusar jan famfo, masu famfo a birane suka ƙaru sosai. Duk da haka Damagaram da wasu unguwannin Yamai ba su rabu da ƙarancin ruwa da bazara ba, kuma da kwantiragin ya ƙare a ƙarshen 2023 gwamnati ta mayar da aikin hannun kamfaninta, NDE. A Burkina Faso da Uganda kuwa, hukumomin gwamnati ne zalla ke riƙe da ruwan birane, kuma ana lissafa su cikin masu ƙoƙari a Afirka. Idan aka jera misalan, abin da ya haɗa waɗanda suka ci gaba ba wai waye mai kamfanin ba ne. Mita ce, da karɓar kuɗi daga kowa har da ma'aikatun gwamnati, da barin kuɗin a hannun masu gyara, da ci gaba da zuba jarin gwamnati a bututu.

Abin da zai iya biyo baya ga gidaje

Idan aka ƙara kuɗi ba tare da ruwa ya ƙaru ba, masu famfo za su biya sau biyu, ga takardar hukuma ga jarka, kuma da yawa za su ƙi biya. Idan aka sa mita, wanda ruwa ba ya zuwa masa ya huta da biyan abin da bai sha ba, mai wankin mota da mai gidan burodi kuma su biya daidai shan su. Amma mita tana da kuɗin saye, kuma wanda zai ɗauki wannan nauyi abin tambaya ne tun kafin a fara.

Akwai wani tarko da ya shafi irin zamanmu. Tsarin da aka fi amfani da shi shi ne a sayar da litocin farko na wata da araha, farashi ya riƙa hawa yayin da sha ke ƙaruwa, don a tausaya wa mai shan kaɗan. To amma gidan gado na cikin birni mai magidanta biyar, ko gidan haya mai ɗaki goma, duk famfo ɗaya suke da shi. A idon mita su manyan masu sha ne, sai su faɗa farashi mafi tsada, alhali mai gida shi kaɗai da iyalinsa kaɗan yana cin rahusa. Sai an yi wa irin waɗannan gidaje tanadi na daban, ko mita ga kowane sashe, ko farashi na musamman.

Ga mazauna unguwannin da bututu bai je ba, muhawarar farashi ba ta taɓa su kai tsaye. Abin da zai canza musu lissafi shi ne a kai babban bututu kusa, a kafa wuraren sayar da ruwa na unguwa da farashi sananne, inda 'yan garuwa ma za su ɗiba da araha su rage wa jarka kuɗi. Kuɗin jan famfo daga titi zuwa gida, wanda ake biya lokaci ɗaya, shi ke hana gidaje da yawa shiga ko da bututu ya zo, don haka rahusa a wannan wuri ta fi isa ga talaka fiye da rahusa a kan lita. Burtsatse mai aiki da hasken rana na rage kuɗin mai, amma ba ya ƙara ruwan da ke ƙarƙashin dutse, kuma idan ba a sa wanda zai riƙa tara kuɗin gyara ba, ranar da injin ya ƙone aikin ya tsaya.

A ɓangaren masai, duk dokar da za ta hana zubar da ƙazanta barkatai za ta ɗaga kuɗin kwasa, tunda motar sai ta yi tafiya mai nisa zuwa wurin da aka keɓe, ta kuma biya a can. Idan kuɗin ya fi ƙarfin masu gida, wasu za su koma fasa ramin cikin kwata da daddare in ana ruwan sama, abin da tuni ake yi a wasu lunguna. Shi ya sa biranen da suka ɗauki wannan hanya kan fara da gina wuraren sarrafa ƙazanta kusa da gari, da yi wa masu kwasa rajista da ba su kayan kariya, kafin su fito da tara.